Yadda Ake Zaɓen Ruwan Sanyaya Inji da Wanke Lagireton Mota

Tambayoyi biyu ne masu mota suka fi yawan yi mini a kan zafin inji: wane ruwa ya dace a zuba a lagireto, kuma ta yaya ake wanke shi idan ruwan ciki ya koma kalar laka. Na haɗa amsar wuri guda ne domin tambayoyin ba sa rabuwa. Wanda ya wanke lagireto tas sannan ya zuba ruwan da bai dace da injinsa ba ya yi wahalar banza, haka ma wanda ya sayi ruwa mai kyau ya zuba shi a kan tsohuwar tsatsa. Aikin ba ya neman kaya masu tsada, kuma mai natsuwa zai gama shi cikin awa 3 zuwa 4, galibin lokacin ma jiran inji ya huce ne. Abin da nake so a riƙe tun farko shi ne, ruwan sanyaya inji, wanda masu sayar da kayan mota ke kira kulan, aiki biyu yake yi: yana ɗauke zafi, yana kuma kare ƙarfe da alminiyam daga tsatsa da zaizaya. Na farkon ruwan famfo ma zai iya yi na ɗan lokaci. Na biyun ne ake biyan kuɗi dominsa, kuma shi ne yake ƙarewa a ɓoye, allurar zafi ba ta nuna komai ba.

Mataki na 1: Duba ruwan da ke ciki

Ka yi wannan da safe kafin a tayar da mota, ko bayan ta daɗe a kashe har ka iya riƙe tiyon sama na lagireto da hannu ba ka ji zafi ba.

Gargaɗi: Kada ka buɗe murfin lagireto ko na tankin robar ajiya alhali inji yana da zafi. Murfin yana riƙe matsi, yawanci tsakanin 0.9 da 1.3 a ma'aunin bar, kuma wannan matsin ne ke sa ruwan ya haura digiri 100 bai tafasa ba. Da zarar an kwance murfin matsin ya tafi, sai ruwan ya tafasa nan take ya yi tsartuwa zuwa hannu da fuska.

Bayan ka buɗe, ka ɗebi ɗan ruwan a cikin kwalba mai haske ka ɗaga shi ga rana. Idan garau yake kuma kalarsa tana nan, tsufa kawai ya yi, tsiyayewa da zuba sabo sun wadatar, ba sai an sa maganin wanki ba. Idan ya zama ruwan ƙasa, ga ƙananan ɓarɓashi suna kwantawa a gindin kwalbar, ko ka goga yatsa a wuyan lagireto ya fito da jar laka, to wanki ya kama. Idan kuwa ka ga maiƙo yana yawo a sama, ko wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ƙarƙashin murfi, sai ka dakata. Wannan alama ce ta mai yana shiga ruwa, ko dai daga gaskit ɗin kan inji, ko daga sashen da ke sanyaya man giya a cikin lagireton motoci masu giyar atomatik. Haka ma idan ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi mai kauri daga salansa. Wanki ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai bakanike ya fara gano bakin zaren, in ba haka ba sabon ruwan ma lalacewa zai yi cikin kwanaki.

Mataki na 2: Zaɓen kulan

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren ɗaya ne: sayen ruwa da kala. Kalar kulan rini ce kawai da kamfani ya sa, babu wata doka da ta ɗaure kowa a kan kala ɗaya. Za ka iya samun galan biyu duk kore amma sinadaransu daban, ko ja da ruwan hoda da suke abu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne maganin hana tsatsa da ke ciki. Tushen kusan duka ɗaya ne, wato sinadarin etilin gilaikol da ruwa, sai wasu ƙalilan da ake yi da furofilin gilaikol wanda gubarsa ba ta kai ta wancan ba.

Tsohon nau'in, wanda ake rubuta wa IAT, yana amfani da siliket da fosfet, waɗanda ke shafe bangon ƙarfe da wuri amma su ƙare da wuri. Shi ne koren da aka saba gani a tsofaffin motoci masu lagireton tagulla da injin ƙarfen zubi, kuma ana canza shi kamar duk shekara 2. Nau'in OAT yana amfani da wasu asid marasa ƙarfi da ke daɗewa, misalinsa Dex-Cool mai ruwan lemo da kamfanin General Motors ya fara zubawa a motocinsa a tsakiyar shekarun 1990, wanda aka tsara ya kai shekara 5. Sai nau'in HOAT, wanda ya haɗa dabarun biyu, kuma a nan ne masu ƙera motoci suka rabu gida biyu. Kamfanonin Japan da Koriya sun fi son fosfet suna gudun siliket, saboda haka ruwan hoda na Toyota mai suna Super Long Life da shuɗin Honda mai suna Type 2 duk masu fosfet ne marasa siliket. Kamfanonin Turai kuwa sun guji fosfet, domin yana haɗuwa da ma'adinan ruwa mai yawan alli ya yi ɓawo, sai da yawansu suka riƙe siliket kaɗan. Volkswagen da Audi suna da lambobinsu, G11, G12, G12+, G12++, G13 da G12evo, kuma kowace lamba tana da ƙa'idar da aka rubuta ta da TL 774 da harafi a ƙarshe.

Ba sai ka haddace wannan ba. Ka buɗe littafin mota, ka nemo shafin ruwaye da mayuka, ka rubuta suna ko lambar ƙa'idar da aka ambata, sannan ka nemi galan da aka buga wannan lambar a bayansa. Wani lokaci an rubuta ta a jikin tankin robar ajiya ko a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonat. Idan littafin ya ɓace, mai sayar da kayan asali na kamfanin motar zai iya fitar maka da ita daga lambar shasi. Lambar ASTM D3306 da za ka gani a galan da yawa tana nuna ruwan ya cika ƙa'idar gama-gari ta ƙananan motoci, amma ba ta maye gurbin ƙa'idar kamfanin motarka. Manyan motocin dizal kuma suna da tasu, ASTM D6210, domin bangon silindarsu yana bukatar ƙarin kariya daga ƙananan kumfa da ke cin ƙarfe.

Gargaɗi: Kada ka haɗa nau'i biyu da gangan. Mafi ƙarancin illar ita ce ruwan da aka yi don shekara 5 ya koma na shekara 2. A wasu haɗe-haɗen kuma siliket yana faɗowa ya zama dunƙule mai yauƙi da ke toshe siraran bututun lagireto da na hita. Idan ka sayi mota hannu kuma ba ka san abin da ke ciki ba, ka ɗauka ba a sani ba, ka wanke gaba ɗaya ka fara daga sabo.

Game da galan da ake rubuta wa cewa ya dace da kowace mota, ra'ayina shi ne a ajiye shi don ciko a kan hanya idan an rasa na ainihi. Ga cikakken canji, bambancin kuɗi tsakaninsa da ruwan da kamfani ya ambata kaɗan ne idan aka raba shi a kan shekarun da zai yi, kuma bai kai ko kusa da kuɗin famfon ruwa ɗaya ba, balle aikin buɗe kan inji. Haka kuma ka yi hattara da galan mai arha fiye da kima wanda babu lambar ƙa'ida ko jerin sinadarai a jikinsa, domin akwai waɗanda ruwa ne da rini kawai. Kulan na gaskiya yana da ɗan santsi a tsakanin yatsu, kuma ma'aunin da zan ambata a gaba yana tona asirin na jabu nan take.

Mataki na 3: Tsantsa ko sirkakke, da ruwan sirki

Ana sayar da kulan iri biyu: tsantsa, wanda kai za ka sirka, da wanda aka riga aka sirka, mai ɗauke da 50/50 a jikin galan. Haɗin rabi da rabi shi ne ma'aunin da aka fi yarda da shi. Ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, yana tafasa a wajen digiri 107 a buɗe, kuma a ƙarƙashin murfi mai lafiya yana kai wajen digiri 129. Mutanen da ke wuraren zafi sukan ce tunda ruwa ba ya ƙanƙara a wurinsu ba su da bukatarsa, amma maganin tsatsa yana tafe tare da gilaikol ɗin ne a cikin tsantsa, gwargwadon yadda ka rage shi haka kariyar ke raguwa. Kada kulan ya gaza kashi 1 bisa 3 na haɗin, kuma wasu kamfanoni ba su yarda a sauka ƙasa da kashi 40 cikin 100 ba. Ta ɗaya ɓangaren, zuba tsantsa zalla kuskure ne da masu kyakkyawar niyya ke yi: gilaikol ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa, don haka idan ya wuce kashi 60 zuwa 70 inji ya fi yin zafi.

Ruwan sirki ya zama tatacce, irin wanda aka mayar tururi aka sake tarawa ko aka cire wa ma'adinai. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da alli da gishiri, kuma duk wanda ya leƙa cikin tukunyar da aka daɗe ana tafasa ruwa a cikinta ya ga farin ɓawon da ke manne mata. Irin wannan ɓawon ne ke kama bututun lagireto, waɗanda faɗinsu bai wuce 'yan milimita ba.

Gargaɗi: Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ya yi, amma ka karanta kwalbar da kyau. Ana sayar da ruwan asid na batir a irin wannan kwalba, kuma shi kam zai cinye alminiyam.

Littafin mota zai gaya maka lita nawa tsarin ke ci gaba ɗaya. Ƙananan motoci sukan ci lita 5 zuwa 8, manya su wuce 10. Ka rubuta wannan adadi, za ka bukace shi a mataki na 8.

Mataki na 4: Kayan aiki

Kana bukatar faffaɗan kwano da zai shiga ƙarƙashin mota kuma ya ɗauki fiye da adadin ruwan, da jarka mai murfi ta zuba tsohon ruwa, da mazurari, filaya, sukudireba, safar hannu ta roba, tabarau na kariya da tsumma. Ka tanadi tataccen ruwa da ya kai ninki 2 ko 3 na abin da motar ke ci, da kwalbar maganin wankin lagireto idan mataki na 1 ya nuna tsatsa. Yana da kyau ka sami ma'aunin ƙarfin kulan, ko mai ƙwallaye da ake zuƙo ruwa a ciki ko mai gilashi da ake ɗiga masa ɗigo a leƙa. Na biyun ya fi daidai. Ka ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka zare makulli. Idan sai an ɗaga gaba, ka kafa ta a kan matokara masu ƙarfi, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Mataki na 5: Tsiyaye tsohon ruwa

Inji a sanyaye, ka buɗe murfin sama domin iska ta shiga, ka sa kwano, sannan ka nemo matsiyaya a ƙasan lagireto. Yawanci ɗan toshi ne na roba mai fuka-fuki ko mai tsagar sukudireba, a kusurwa ɗaya ta gefen da ke kallon inji. A wasu motoci sai an cire faifan robar da ke ƙarƙashi kafin a gan shi. Ka kwance shi a hankali. Idan ya ƙi motsi kada ka tilasta, domin tsohuwar roba tana gautsi, kuma idan ta karye a ciki ƙaramin aiki ya zama babba. Maimakon haka ka matse kilif ɗin tiyon ƙasa da filaya, ka ja shi baya, ka murɗa tiyon har ya saki sannan ka zare. Wannan hanyar ta fi fitar da laka, sai dai ruwan yana zubowa gaba ɗaya, don haka ka kau da fuskarka.

Gargaɗi: Fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko mota a kashe take. Ka nisanta yatsu da hannun riga daga gare ta, ko ka cire wayarta har ka gama tsiyayewa, amma ka mayar da ita kafin ka tayar da inji.

Ka auna abin da ya fito. Za ka tarar bai kai adadin da littafi ya faɗa ba, sau da yawa rabi ne ko ɗan fiye, domin sauran yana kwance a cikin gangar inji da hita. Injuna da yawa suna da matsiyaya ta biyu a gefen gangar, kuma idan hannunka zai kai gare ta cikin sauƙi, buɗe ta yana fitar da mafi yawan ragowar. Tankin robar ajiya ma a cire shi a wanke da ruwa da burushi har alamomin MIN da MAX su fito sarari.

Gargaɗi: Etilin gilaikol guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi, abin da ke jawo yara da dabbobi. Kada ka bar kwanon a buɗe ko na minti kaɗan, kada ka zuba tsohon ruwa a kwalbar abin sha, kuma duk inda ya zube ka goge ka wanke. Wanda ya sha, a kai shi asibiti nan take ko da bai nuna alamar komai ba.

Mataki na 6: Wankewa

Ka rufe matsiyaya, ka cika tsarin da ruwa, ka ƙara maganin wanki idan ana bukata, ka mayar da murfi. Ka tayar da mota, ka juya hita zuwa mafi zafi domin a motocin da ke da bawul a layin hita ruwa ya ratsa ta can ma. Ka bar inji a silo har tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ta buɗe. A yawancin motoci tana buɗewa ne tsakanin digiri 82 da 92. Za ka gane ta buɗe idan tiyon da ke sanyi ya ɗau zafi farat ɗaya. Daga nan ka bar shi minti 10 zuwa 15, ko lokacin da aka rubuta a kwalbar maganin, idonka a kan allurar zafi. Sai ka kashe, ka jira ya huce, ka tsiyaye.

Ka maimaita da ruwa zalla, ba magani, har abin da ke fitowa ya zama garau. Motar da aka kula da ita zagaye 2 ya ishe ta, wadda ta shekara tana shan ruwan famfo kuwa tana iya cin 4 ko 5. Idan tataccen ruwa ya yi maka tsada, zagayen farko ka yi da ruwan famfo mai tsabta, amma biyun ƙarshe su zama da tatacce, domin duk abin da ka yi ɗauraya ta ƙarshe da shi, wani kaso nasa zai zauna a cikin inji.

Gargaɗi: Kada ka zuba ruwan sanyi a cikin inji mai zafi don gaggawa. Kan inji na alminiyam yana iya lanƙwasa ko ya tsage. Jiran nan na tsakanin zagaye shi ne ya fi cin rai a aikin, kuma ba shi da gajeriyar hanya.

Gargaɗi: Kada ka sa garin wanki, soda mai ƙuna ko asid. Garin wanki yana barin kumfa da ke wuyar fita, soda kuma tana cin alminiyam. Maganin da aka yi don wannan aiki ma kada ya wuce lokacinsa a ciki. Sannan ka sani cewa a tsohon lagireto wani lokaci tsatsa ce ke toshe ƙaramar ɓula, idan an wanke sai yoyo ya bayyana. Ba wankin ne ya huda shi ba, dama can ya huje, kuma gara ka gani a gida da ka gani a kan hanya.

Idan bayan zagaye da yawa ka shafa fuskar lagireto, inji a kashe, ka ji wani sashe da zafi wani da sanyi, bututun wannan sashen sun toshe ƙam. Lagireton tagulla ana iya buɗe shi a tsefe, na alminiyam mai kan roba kuwa canzawa ya fi. Ta waje kuma ka wanke ƙura da ƙwari daga siraran fuka-fukansa da ruwa mara ƙarfi, daga baya zuwa gaba, domin ruwa mai matsi yana kwantar da su ya tare iska.

Mataki na 7: Duba tiyo, murfi da tamostat

Tunda tsarin babu ruwa, yanzu ne canza waɗannan ba zai ci maka kulan ba. Ka matsa kowane tiyo: wanda ya kumbura kusa da kilif, ko ya yi laushi tuɓus, ko ya ƙandare yana ƙara, lokacinsa ya yi. Ka dubi robar murfin lagireto, idan ta tsage ko ta taurare ka sayi sabo mai lamba ɗaya da wadda aka buga a kan tsohon. Murfi yana cikin mafi arhar kayan tsarin, amma idan ba ya riƙe matsi ruwa yana tafasa da wuri ya gudu ta tankin ajiya, mai mota kuma ya yi ta zargin lagireto. Ka leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, busasshen ɓawo mai kalar kulan a nan alamar yoyo ce.

Idan ka tarar an cire tamostat, ka mayar da sabuwa. Cire ta dabara ce da ake yi don ɓoye zafin da wani abu dabam ke jawowa, kuma sakamakonta inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya kuma ƙara cin kansa.

Mataki na 8: Zuba sabon kulan

Ka rufe matsiyaya da ƙarfin yatsu, ɗan ƙari kaɗan, kada ka ɗaure ta kamar notin taya. Ka mayar da tiyo da kilif a inda tsohon shatinsa yake.

Yanzu lissafi, wanda mutane da yawa ke tsallakewa. A ce motarka tana cin lita 7, kuma a tsiyayar ƙarshe lita 4 suka fito. Ke nan akwai lita 3 na ruwa zalla a cikin inji. Idan ka zuba lita 4 na sirkakke 50/50, gilaikol ɗin da ya shiga lita 2 ne a cikin 7, wato ƙasa da kashi 30 cikin 100, ka faɗi ƙasa da iyaka ba ka sani ba. Daidai shi ne ka fara zuba lita 3 da rabi na tsantsa, rabin abin da tsarin ke ci, sannan ka cike da tataccen ruwa. Zai haɗe da kansa idan inji ya juya.

Na taɓa wanke wata mota zagaye 4 har ruwa ya fito kamar na sha, na cika ta da sirkakke, kala ta yi kyau a tanki. Bayan kwana biyu na ɗiga ɗigo a ma'auni sai na ga haɗin bai kai ko kashi 1 bisa 3 ba, dole na sake tsiyaye wani sashe na ƙara tsantsa. Ido ba zai taɓa nuna maka wannan ba, domin rinin yana nan da ƙarfinsa ko an sirka shi fiye da kima.

Wasu kamfanoni, kamar Toyota da Honda, sirkakke suke sayar da ruwan da na ambata a sama. A irin wannan hali sai ka buɗe matsiyayar gangar inji ka fitar da ragowar ruwa gwargwadon iko, ko ka yi ɗauraya ta ƙarshe da kulan ɗin kansa, ka tsiyaye, ka sake cikawa. Zai ci ƙarin galan, shi ya sa idan tsohon ruwan garau ne kuma nau'insa ɗaya da sabon, gara a tsiyaye a cika kawai ba tare da an shigar da ruwa zalla ba.

Ka zuba a hankali, siririn zubi, domin iska ta sami hanyar fita.

Mataki na 9: Fitar da iska

Iskar da ta maƙale a cikin inji tana hana ruwa taɓa ƙarfe a wannan wurin, sai wurin ya yi zafi fiye da kima alhali allura tana iya nuna lafiya. Idan motarka tana da ƙananan notunan fitar da iska, galibi a kan gidan tamostat ko a tiyon hita, ka kwance su yayin zubi, ka rufe kowanne idan ruwa ya fara fitowa babu kumfa. Ɗaga gaban mota kaɗan yana taimakawa, domin bakin zubi ya zama wuri mafi tsawo.

Ka tayar da inji murfi a buɗe, mazurari a baki, hita a kan mafi zafi. Za ka ga kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana sauka, kana ƙarawa. Ka riƙa matsa tiyon sama da safar hannu kana saki. Lokacin da tamostat ta buɗe ruwan zai faɗa ƙasa da yawa a lokaci guda, sai ka cike nan da nan. Ka ɗan taka totur sau biyu ko uku, ka ci gaba da jira har fanka ta tashi ta tsaya. Idan hita tana busa iska mai zafi sosai a silo kuma kumfa sun daina, ka kashe, ka rufe murfi, ka cika tankin ajiya zuwa tsakanin alamomin biyu.

Gargaɗi: Idan ruwa ya fara kumburowa zai malalo, ko allura ta wuce inda ta saba tsayawa, ka kashe inji ka jira ya huce sannan ka ci gaba. Hitar da ke busa sanyi, ko ƙarar gudun ruwa a bayan dashbod, alamar sauran iska ce. Kumfan da ba sa ƙarewa bayan minti 20 zuwa 30 kuwa ba iskar zubi ba ce, hayaƙin inji ne ke shigowa ta gaskit. Motoci masu haɗin batir da fetur suna da layin kulan na biyu don na'urorin lantarki, wasu motocin kuma famfon ruwansu na lantarki ne da ke da tsarin fitar da iska na musamman. Irin waɗannan a bi littafinsu kalma da kalma, ko a bar wa mai na'urar cikawa.

Mataki na 10: Gwaji, bibiya da zubar da tsohon ruwa

Ka yi tuƙi na minti 15 zuwa 20 kana kallon allura, ka dawo ka duba ƙarƙashin mota da bakin kowane tiyo da matsiyaya. Washegari da safe, inji a sanyaye, ka sake duba tanki. Raguwa kaɗan a kwana biyu ko uku na farko ba abin damuwa ba ce, ragowar iska ce ke fita, sai ka cike da haɗin 50/50. Raguwar da ta ci gaba bayan mako guda yoyo ce. A wannan safiyar ka auna ƙarfin haɗin, idan ya yi rauni ka zuƙe kaɗan ka mayar da tsantsa.

Ka rubuta kwanan wata, kilomita da sunan ruwan a takarda ka manna a ƙarƙashin bonat, domin kai da duk bakaniken da zai taɓa motar ku san abin da za a ƙara. Tazarar canji ta littafi ce: ruwan hoda na Toyota, alal misali, zubin farko na masana'anta yana kai kilomita 160,000, amma na bayansa kilomita 80,000 ne, saboda canji ba ya fitar da tsohon ruwa duka. Tsohon kulan da ruwan zagayen farko na wanki ka zuba su a jarka mai murfi, ka rubuta guba a jikinta, ka kai wurin da ake karɓar tsohon man inji da makamantansa. Kada ka haɗa shi da baƙin mai a jarka ɗaya, kada kuma ka zubar da shi a ƙasa, a magudanar ruwa ko kusa da rijiya.